Malam Almu Mai Kiwon Ƙuda

A Tambuwal kowa na kiwon abin da zai ci ko ya sayar, ban da Malam Almu na makarantar elementare. Shi ƙuda yake kiwo, ƙananan nan masu taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro. Mutanen gari suna ce masa Malam Mai Ƙuda, suna dariya a bayan idonsa, har da waɗanda ko sunansu ba su iya rubutawa.

Tun yana kwalejin horon malamai ya karanta cewa ƙudajen nan suna gadon launin ido wurin iyaye. Sai ya jera kwalabe a bayan ɗakinsa, ya dama ayaba ya zuba, ya toshe bakin kowace da auduga. Ƙudajen da ya zuba ciki duk jajayen ido ne da su. A daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai, ya ɗora madubin ƙara girma kan wata kwalba, sai ga namiji guda mai fararen idanu. Ranar ko tuwo bai iya ci ba don murna.

Shekara biyu yana haɗa wannan da wancan, yana ware 'ya'ya da jikoki, har ya cika kwalba shida da masu farin ido zalla. Ya san ba ya da irinsu ko'ina, don haka ko matarsa Hinde ba ta share wurin.

Wata Talata yana aji, Ɗan'iya dubagari ya yi sallama a gidan. Aikinsa shi ne leƙa randa da ludayi, in ya ga tsutsar sauro ya tuntsurar da ruwan. Randunan Hinde tsaf suke. Da ya tafi abinsa, da an zauna lafiya. Amma mutumin da aka ba hular kaki bai iya fita gida hannu banza. Ya zagaya bayan ɗaki, ya ga kwalabe, tsutsotsi na motsi cikin ayaba. Hinde na roƙonsa daga bakin ƙofa, ya tsiyaya musu kananzir ɗaya bayan ɗaya, ya juye a masai.

Malam Almu ya iske shi gindin durumin kasuwa yana cin goro.

"Ɗan'iya, mi sunka yi maka?"

"Tsutsa ta, Malam. Doka ta hana."

"Wagga ba tsutsar sauro ba ta! Cikin ruwa kag gane ta? Shekarakka nawa ga aikin ga, ba ka san ta sauro ba?"

"Ni dai tsutsa nig gani," in ji Ɗan'iya, har yana murmushi. "Ai gyara maka gida niy yi."

Wannan murmushin ne ya fi ƙona masa rai. Ya ɗaga hannu, ya tuna shi malami ne, ya sauke. Mutanen da ke wurin kuwa dubagarin suka goya wa baya, wai ƙuda ai ba ya ƙarewa a duniya, ya je juji ya ɗebo wasu.

Ya ɗebo ɗin. Shekara goma sha tara yana dama ayaba, a Tambuwal, a Sanyinna, har Kebbe inda aka mai da shi daga baya. Bai sake gaisawa da Ɗan'iya ba, ko ranar Salla. Kowace safiya kafin ya tafi aji sai ya bi kwalabensa da madubi, har idonsa ya daina gani sosai. Ƙudajen duk masu jajayen ido ne.