Ozella da Takardar Rana ta Tara

Ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2019, da hantsi, 'yarki Darnetta ta bugo waya ta ce kin cika. Ozella Crenshaw, kin tafi kin bar ni da girman da garin nan yake ba ni, wanda ke kaɗai kika san ba nawa ba ne.

A 1961 aka kama mu, mu biyu baƙaƙen fata, don mun zauna da gangan a kujerun da aka keɓe wa fararen fata a shagon abincin tashar mota. A lokacin, duk mai fita irin wannan zama da buroshin haƙori yake fita, alamar ya shirya wa kurkuku. Ni na bar nawa a gida. A motar 'yan sanda kika laluba jakata, kika ce, "Earline, ke shan iska kika fito? To mu raba nawa. Ni safe, ke yamma, amma kar ki cinye mini gashinsa."

Alƙali ya yanke mana kwana sittin. A rana ta tara aka kawo takarda: wadda ta sa hannu cewa ta tuba, ta tafi gida. Kika juya wa mai gadin da ya kawo ta baya. Ni na sa hannu. Kunya ta hana ni shiga gari, na ɓuya a ƙauyen gwaggona har ranar da aka sake ki, kowa ya ɗauka tare muka fito.

Duk shekara coci ke zaunar da mu a gaba, fasto ya ce ga jaruman kwana sittin. In na sunkuyar da kai sai ki tsungule ni: "Gyara hularki, 'yar'uwa, ana kallo." Sau ɗaya na ce zan faɗi gaskiya, kika ce, "Kin zauna a kujerar ko ba ki zauna ba? To rufe mini baki." Yanzu ba ni da wanda zan zauna kusa da shi ba tare da na ji ni baƙuwa ba. Ina kewarki ƙwarai.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Darnetta, ke da ƙannenki, Allah ya ba ku haƙuri, ku kuma yafe mini. Kwana hamsin da ɗaya uwarku ta yi ita kaɗai a ɗakin nan, kuma ni na bar ta.