Ƙofar Kicin ɗin Hajiya

Shekara guda cur muka yi muna shirga wa juna ƙarya kowace Lahadi bayan La'asar, a falon Hajiya da ke unguwar Glenwood a nan Amurka. Mu huɗu ne masu kiran kanmu marubuta. Hajiya mutuniyar Maraɗi ce, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, tana rubuta tatsuniyoyi don jikokin da ke amsa mata da Turanci. Akwai Malam, Bazazzagi mai koyar da lissafi, mai wani littafi da ya ƙi ƙarewa. Akwai Alhaji direban tasi, gwanin labarin ɓarayi da 'yan sanda. Sai ni, Bakanuwa mai jera kaya a wani makeken kanti a titin Wendover, ina rubutu lokacin hutun cin abinci.

Tsarinmu mai sauƙi ne: mutum ya karanta nasa, mu kuma mu zuba masa albarka. "Madalla." "Allah ya ƙara basira." "Kai, wannan ai sai bugawa." Alhaji ya taɓa kashe ɗan sanda ɗaya har sau biyu a babi guda, muka ce Allah ya ƙara basira. To me za ka ce? Dattijo ne da furfurarsa. Ba a rene mu mu dubi tsabar idon babba mu ce aikinsa bai yi ba.

Ni kuwa abin ya fara cina. Sau biyu ina aika labarina wata mujalla a gida, shiru kake ji. Na leƙa wani ajin marubuta na Turawa, inda marubuci ke kame bakinsa a yi wa aikinsa fata-fata a gabansa. Sun iya kam, suna murmushi suna yanka. Sai dai ba sa jin Hausa, ni kuma da Hausa nake rubutu. Na yi wa kaina alkawari: in labarin nan bai fita ba a karo na uku, na ajiye biro na tafi karatun nas, yadda kowa ke ta ba ni shawara.

Wata Lahadi Alhaji ya gama karatu, an gama sa masa albarka, sai maƙwabci ya buga ƙofa ya ce tasi ta tare masa hanya. Alhaji na fita Hajiya ta dire kofinta.

"Wai ɗan sandan nan rai nawa gare shi? Wallahi tun babi na biyu nike kwana da ido buɗe."

Malam, wanda yanzun nan ya ce sai bugawa, ya gyara zama ya shiga lissafo kurakurai da yatsu. Ni ma na sa baki, kada in yi ƙarya. Kafin Alhaji ya gyara fakin mun yi wa labarinsa gyaran da shekara guda ba ta yi masa ba. Da ya dawo muka ce, "Alhaji, Allah ya ƙara basira."

A cikin bas ina komawa gida na gane inda baiwarmu take. Ba mu iya faɗa wa mutum gaskiya a gabansa ba, amma a bayan idonsa ba Baturen da zai kamo ƙafarmu. Saboda haka Lahadin da ta biyo na kawo doka. Wanda ya karanta nasa zai tashi ya shiga kicin ya dafa shayi, ya bar ƙofa a ɗan buɗe. Sauran su yi gulmarsa kamar ba ya nan. In ya fito da shayi, ba mai tada maganar.

Malam ya ce ai gulma haramun ce.

"Ko da mai ita ya ba da izni, yana kuma saurare?" in ji Hajiya.

Malam ya ce zai duba littafi. Har yau bai duba ba.

Alhaji ne ya fara shiga. Muna yi muna jin cokali na dukan kofi kamar zai fasa shi. Ya fito fuska a murtuke da shayin da ba ya shawuwa, muka shanye muka yi godiya. Sati na zagayowa ɗan sandan ya mutu sau ɗaya, kuma labarin ya yi daɗi.

Da layi ya zo kaina ban ji ko ɗar ba, ai ni na kawo dokar. Labarina na wata yarinya ne da za ta bar Kano zuwa Amurka, uwarta ta rako ta har bakin mota, tana kuka tana sa mata albarka shafi uku. Na karanta, na shige kicin, na ɗora buta, na kasa kunne don jin yabo.

Malam ya ce jimlolin sun tsaru. Alhaji ya ce shi matsalarsa ba akshin, ko mutum ɗaya bai mutu ba. Na yi dariya a raina. Sai Hajiya ta yi gyaran murya.

"Ku bar wannan zance. Uwar nan ta roba ce. Ɗiyar ga ta iya rubutu, amma matsoraciya ce. Ta nuna muna kajin tsakar gida har kana jin warinsu, da ta zo kan uwar sai ta rumtse ido. Akwai abin da ya faru ran nan da ba ta so mu gani."

Na tsaya riƙe da gwangwanin madara. Na ji haushinta, na ji kamar in fita in ce mata ta je ta ji da tatsuniyoyinta. Amma gaskiya ta faɗa. Ranar da zan taho, Inna ba ta rako ni ko zaure ba. Ba ta so tafiyar ba tun farko. Tana tsakar gida tana wanki, ta juya mini baya. Na durƙusa na ce na tafi, ta ce "To," ba ta waigo ba. Ni ma na tashi da fushina na ja akwati. Ta rasu bayan shekara uku, ban koma ba. Na yi kuka a kicin ɗin nan har ruwan butar ya kusa ƙafewa.

Na wanke fuska na fito da shayi. Hajiya ta karɓa ta ce, "Sannu ɗiyata, Allah ya ƙara basira." Na ce amin.

Wata biyu ina sake rubutun. Na cire albarkar shafi uku, na bar uwar da bayanta da bahon wankinta, tana ta matse wani zane da ya riga ya matsu. Shi ne labarin da mujallar ta buga daga baya, daga shi kuma littafina na farko ya fito. Ban yi karatun nas ba, marasa lafiya sun huta.

Amma ranar da na fi tunawa ita ce wadda na karanta musu sabon. Na gama, na shiga kicin, na bar ƙofa a ɗan buɗe, na ɗora buta. Na jira gulma. Shiru. Ko Alhaji bai nemi gawa ba. Can sai na ji takun silifa, Hajiya ta turo ƙofar, abin da dokarmu ta hana. Ta tsaya kusa da ni, ba ta kalle ni ba.

"Zanen wa take matsewa?"

Ban rubuta wannan ba, ban ma taɓa tambayar kaina ba. Amma na san zanen, shuɗi ne mai ɗigon fari. Na cire shi daga akwati ana gobe zan taho don kaya sun yi nauyi, kuma wankakke ne fes.

"Nawa ne, Hajiya."

Ta karɓi cokalin daga hannuna. "Je ki zauna," ta ce. "Yau ni ka dahwa shayin."