Karatun da Ya Ƙi Wuce Layi Ɗaya

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na firamare na tsaya. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina kicin nake gane takun kowane ɗan gidan haya, na san wanda ya dawo da fushi tun bai yi sallama ba.

Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, Abuja ta cika da gine-gine, kowa ya rataya wayar salula a wuya. Muna zaune a Nyanya, ɗaki biyu da falo. Maigidana yana da shagon atamfa da leshi a kasuwar Wuse, masu sayen kayansa kuwa matan manyan ma'aikata ne, kowacce ta zo sai ta zauna ta ba shi labarin 'ya'yanta. Shi kuma ya kwaso ya kawo mana gida da ɗuminsa.

"Kin san Hajiyar nan mai farar mota? 'Yarta kiredit tara ta samu!"

Na ce, "Ikon Allah. Ita kuwa da wa take magana haka a waya?"

Ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya fahimtar da ni ba katin waya ba ne, sakamako ne mai kyau a jarrabawar gama sakandare, wanda in babu shi ba a shiga jami'a. Ya gama dariyarsa ya juya ya kalli 'yarmu ta fari, wadda ita ma shekarar za ta zauna jarrabawar. Ya ce, "Likita za ki zama. Kin ji na faɗa."

To, ta fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na yabonta a gaban mutane, in ubanta na mata faɗa ba na sa baki. Haka aka yi mini a Zariya, haka na tashi na ga ana yi. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta san da ita nake.

Daga ranar gidan ya canja. Ana idar da sallar asuba take fita tare da ubanta, don in suka makara cunkoson hanyar shiga gari ya riƙe su sai hantsi. In an tashi makaranta ta zarce lesin. Asabar kuma wani malami na zuwa har gida. Wayar talabijin ma maigidan ya zare ya jefa a aljihu. Da aka yi jarrabawar gwaji ta faɗi darasin kimiyyar halittu, aka karanta sunayen waɗanda suka faɗi a gaban duk makaranta, aka sa su durƙuso a rana. Ta dawo gwiwoyinta duk tsakuwa ta huda. Ubanta ya duba ya ce, "Madalla da malaman."

In ta dawo da la'asar, sai ta shimfiɗa tabarma a baranda, bayan tagar kicin, ta ɗaga murya tana karatu tana rangaji, irin yadda muke hadda a makarantar allo. Maigidan in ya dawo ya ji muryar, sai ya gyaɗa kai ya wuce. Shi murya yake ji. Ni kuwa abin da muryar ke faɗa nake ji, ko da ban san ma'anarsa ba.

"Fotosintasis iz di furoses bai wic girin filants..." Ta ɗan ƙara gaba kaɗan, ta ja numfashi, ta yi shiru. Sai ta dawo farko.

Ranar farko ban kawo komai ba. Rana ta uku na tsinci kaina ina dakan yaji da wannan amon. Rana ta biyar na ajiye taɓarya. Duk wadda ta riƙe allo ta san bambancin mai tilawa da wanda karatu ya tsaya masa a maƙogwaro. Wannan yarinya ba gaba take yi ba, kai-komo take a wuri ɗaya, kuma saura mako shida jarrabawa.

Na kasa zama. In share ɗaki, in dawo in sake share shi. Sau biyu ina zuba gishiri a miya ɗaya. In leƙa kwanonta, in tarar ta tsakuri gefe ta rufe. Da na zaunar da ita kitso, gashi ya biyo matajin har na ɓoye a hannu don kar ta gani.

Ran Asabar na tare malamin lesin a bakin ƙofa. Ba Bahaushe ba ne, Hausar Abuja yake yi.

"Madam, yarinya naka yana da kai. Lalaci ne kawai. Ka bar shi da ni, zan matsa shi sosai."

Na ce, "Malam, an matsa ai. Sauran me ya rage a matsa?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Da ya tafi na kai mata kunu baranda, na ajiye ban kalle ta ba. Na ce, "Ke, littafin nan shafi ɗaya gare shi?"

Ta ce, "Umma, in na kama layi na biyu, na farko sai ya gudu. Sai in dawo in kamo shi. Kaina kamar rariya." Ta riƙo gefen zanena. "Don Allah kar ki gaya wa Abba."

Na ce, "Sha kununki."

Ya zan yi? In je in ce Alhaji ka sassauta wa 'yata? Bakina ba zai iya ba, ko ya iya ma cewa zai yi ni ce mai sangarta ta, me na sani a boko. Na yini ina jujjuya maganar, na rasa ta inda zan kamo ta.

Washegari Lahadi, ba ya fita kasuwa. Na kawo masa tuwon rana a falo. Muryar na shigowa ta taga, ya nuna da haɓa.

"Kin ji ko? Haka ake so."

Na ajiye kofin ruwa. Ban san lokacin da na durƙusa na fara rangaji ba. Na ɗauko layin tare da ita, kalma da kalma, na tsaya inda take tsayawa, na ja numfashi inda take ja, muka koma farko tare.

Ya ƙyalƙyale. "Kai, Hajiya! Yaushe kika shiga lesin ban sani ba? Ke ma in yi miki rajista ne?"

Na ce, "Kwana tara ke nan, Alhaji. Ni mai aji huɗu har na haddace. Ni dai ban ce komai ba a kan 'yar mutane. Saurara kawai."

Ya saurara. Ta zo wurin, ta tsaya, ta koma. Ta sake zuwa, ta koma. A na uku loma na hannunsa bai kai baki ba. Ya mayar da ita cikin kwano ya kira yarinyar. Ta shigo rungume da littafin.

Ya ce, "Bayan wannan layin, mene ne?"

Ta buɗe baki. Sai hawaye. Ni na tashi na koma kicin, don ba a gabana za a yi ba, amma kunnena na bari a falo. Na ji ya wanke hannu. Na ji ya ɗora littafin a kan kabad. Na ji ya ce, a hankali, irin muryar da rabon da in ji ta tun yarinyar na rarrafe, "Zo ki ci tuwon nan, ya yi mini yawa. In kin gama ki je ki kwanta."

Ta yi barci har magariba, ta tashi ta yi salla ta koma. Ya sallami malamin Asabar, ya sa ta huta kwana biyu a gida. Shirun ya fi karatun tayar mini da hankali, sai leƙa ta nake ina duba ko tana numfashi.

Kiredit tara dai ba ta samu ba, ta samu abin da ya shigar da ita makarantar koyon aikin jinya, ubanta ya yi mitarsa ta mako guda ya haƙura. Amma ni ba ranar sakamako ce ta tsaya mini a rai ba. Ran Laraba ce, da ta sake shimfiɗa tabarma bayan taga. Ta ɗauko layin nan, na tsaya cak da ludayi a hannu ina bin ta a zuci. Ta iso inda take tsayawa, ta ja numfashi, sai na ji wasu kalmomi da ban taɓa ji ba. Ta wuce ta bar ni a nan. Ina tsaye ina saurare har miyar ta kama.