Moɗa mai hannu biyu

Gwaggona maginar tukwane ce a Tourou, amma tunda robobi suka cika kasuwa ta daina taɓa yumɓu. Sai zaman tabarma, abinci ma sai an yi da gaske. Wallahi na ji tsoro, don a idona take ramewa.

A lokacin akwai wata Bayahudiya da muke kira Madam, da ke haya a unguwar Ladjifarani, tana sayen atamfa a shagona. Ran nan ta nuna min hoton wata moɗar ƙasa mai hannu biyu. Da irinta Yahudawa ke wanke hannu kafin cin burodi, tata kuwa ta fashe a hanyar Djougou. Ta tambaye ni ko na san mai gina mata wata. Na ce faɗuwa ta zo daidai. Ko shagon ban rufe da kyau ba na karɓi hoton na hau kabu-kabu sai Tourou.

Gwaggo ta harari hoton ta yi tsaki, amma ta tashi. Da aka gasa moɗar na je ɗauka, sai na ga ta ƙara mata hanci irin na buta.

"Na gyara musu," in ji ta. "Wa ke wanke hannu ba hanci?"

Da na kai wa Madam, ta juya ta, ta yaba, sannan a hankali ta ce ba za ta yi ba. A addininsu ta bakin moɗar ruwan ke zuba, ba ta hanci ba. Kai, raina ya ɓaci! Ba da ita ba, da kaina, don na san halin Gwaggo: in aka maido mata aiki, ta koma tabarma ke nan.

Na koma Tourou na faɗa wa Gwaggo. Sai ta ce, "To hannu biyun fa na mene ne?"

Na kwatanta yadda Madam ta nuna min: a zuba wa dama, a sauya hannu a zuba wa hagu, kada wankakke ya taɓa wanda ba a wanke ba.

"Ke, ashe ibada ce! Shi ne kika bar ni na sa mata son raina? Je ki ɗebo min yumɓu."

"Na moɗa ɗaya, Gwaggo?"

"Cika kwandon, sarkin surutu. Hannuna ya riga ya jiƙe."