Littafin da Yaya Habibu Ya Baro a Jos

Asabar, Dala zuwa Jos

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na hau adaidaita-sahu daga gindin Dala zuwa tasha. Aike ne na yayana Habibu, wanda ciwon suga ya cinye wa idanu, jiki kuma yana ta ja baya. Shekara ashirin ke nan da rikici ya koro shi daga Jos, inda yake koyarwa, bai taɓa neman komai cikin abin da ya baro ba sai littafi guda: waƙoƙin wani Bature mutumin ƙasar Ailan da tashin bama-bamai ya raba da birninsu, ya rasu a baƙunta ba a san da shi ba. Ni da na karanta adabi a jami'a ban taɓa jin sunansa ba, har na yi ta tambayar kaina ko tafiyar ta cancanta.

Mun tashi bakwai saura kwata. A shingen Falgore soja ya tambayi abin da zan je yi. Da na ce littafi zan ɗauko, direba ya ce, "Malam, takarda ta ƙare a Kano ne?" A Saminaka muka ci doya da ƙwai.

Jos, ƙarfe ɗaya da rabi

Mama Ladi, maƙwabciyar da ta ɓoye Yaya a ɗakinta ranar rikicin, ta ciro littafin daga ƙasan akwati, naɗe cikin zane. Ta hana ni kama masauki, ta ce ƙanin Malam Habibu ba ya kwana a waje.

Da la'asar na buɗe littafin. Mawaƙin yana jero titunan da ya rasa. Gefen kowanne, Yaya ya rubuta sunan wani layi na unguwarsu da fensir, domin ɗalibansa su fahimta. A lokacin bai san shi ma zai rasa nasa ba.

Lahadi, komawa gida

Ƙarfe huɗu na shiga zaure, na sami Yaya a kan tabarma. Na gyara murya na soma baitin farko, sai ya ɗaga hannu.

"Bar na Baturen tukuna. Karanta mini na fensir."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana faɗin mazauna kowane layi, gida-gida, har aka kira magariba. Sannan ya tambaya ko Ladi ta tsufa. Na ce ƙwarai. Ya yi murmushi, ya ajiye littafin a ƙirjinsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni a kan lokaci, da kuma ga Mama Ladi da ta riƙe amana.