Kunnen da Ya Ɗaure Ni a Zaure

Ranar wata Asabar cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, bakina ya jawo mini aiki. Baba yana tsugune a zauren gidanmu da ke Ƙofar Galadima, gabansa tulin fasassun robobin da 'yan jari-bola suka kawo: gindin bokiti, ƙafar kujera, tsagin jarka, butar da ta gama zamaninta. Na zo wucewa da tsintsiya, sai wani ɓallen roba ya suɓuce masa ya faɗi kan siminti. Ban san lokacin da na ce, "Baba, wannan ai ba ɗan'uwan waɗancan ba ne, kukansa daban." Ya ɗago ya dube ni, ya jefa wani, na faɗi inda ya dace, ya ƙara jefawa, na ƙara faɗa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Uwata, ashe maganin yana cikin gidana." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ni kuwa sai washe baki nake, na manta tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Sana'ar Baba zubin roba ce. Yakan niƙe ta a inji, ya narkar, ya danna ta cikin ƙarfen zubi, sai ga mariƙin tukunya ko ɗan takalmin da masu walda suke sa wa ƙafar kujerar ƙarfe. Wahalar ita ce robobi ba jinsi ɗaya ba ne, wasu ba sa ga maciji da juna. In aka narka su tare kayan zai fito sumul, amma kwana kaɗan sai ya ɓare kamar ƙuli-ƙuli. Launi ba ya nuna bambancin, ido ma yakan yi ƙarya. Kunnena ne bai iya ƙarya ba.

Daga ranar zaure ya zama gidana. In na dawo makaranta na ci abinci, Islamiyya kaɗai ke fitar da ni. Taga ɗaya ce a zauren, ita ma buhuna sun toshe rabinta. Ina zaune ina jefa roba a ƙasa, ina jiyo ƙawayena su Hajara a lungu suna carafke, in yamma ta yi su koma gaɗa, har waƙar da ni na koya musu. In na ga bayan buhu ɗaya sai a sauke biyu. An gwada yayyena maza, duk ƙara ɗaya suke ji, na sha zargin da gangan suke yi. Da muka shiga aji shida, hedimasta ya buɗe darasin yamma ga masu son zana jarrabawar makarantar kwana, ya sa sunana a farko. Baba bai taɓa cewa a'a ba. Kullum sai ya ce, "Bari mu ga bayan wannan buhun." Da ma hana ni ya yi, da na samu abin yi wa kuka. Na tsani kunnena, wallahi na tsane shi.

Wata Alhamis, saura wata biyu jarrabawa, na cika kwando da roba mai kyau, sannan na watsa mata wadda na san ba ta shiri da ita. Bayan mako biyu wani mai walda ya dawo da kayan a bayan babur, ya zazzage su a ƙofar gida, yana ta faɗa a gaban maƙwabta. Baba ya yi ta ba shi haƙuri. Da mutumin ya tafi, ya ɓalla guda ɗaya, ya daɗe yana duban cikinsa, sannan ya kira ni. Na ce kunnena ne ya fara lalacewa. Ya ce, "Kunnenki lafiya lau yake, Uwata. Je ki ɗauko littafinki, kada ki makara darasin yamma." Ko yatsa bai ɗaga mini ba.

Na ci jarrabawa, na tafi. Sai da na zo hutun farko na ga abin da ya maye gurbina. Baba yana zaune da kyandir, yana ƙona gefen kowane ɓalle yana shinshina hayaƙin, da wari yake tantance su. Na durƙusa zan karɓi buhun, ya kore ni, ya ce ɗaliba ba ta zaman zaure. Shekara shida yana haka, tari yana ƙaruwa.

Yanzu ina koyarwa a cikin birni, an sayar da injin, zauren ya koma wurin ajiye babur. Baba sai ya huta sau biyu kafin ya kai masallacin unguwa, kuma har yau bai taɓa tayar da zancen kwandon nan ba. Nakan so a mayar da ni wannan Alhamis ɗin, ko da ban san me zan canza ba. Ƙofar da na fita, da ƙirjinsa ya tokare mini ita don kada ta rufe.