Ɗigon da ya sa aka kira ni ɓarawo

Mutum yana mance yunwa, yana mance duka. Ni wannan abin sai dai in tafi da shi kabari.

A lokacin ni ke ɗaukar kuɗin ciniki daga shagon wani Alhaji ɗan Kano a unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, in kai ofishinsa a Treichville kusa da tashar jirgin ruwa. Ban yi boko ba. Amana ce jarina. In na kai, wata yarinya haifaffiyar Abidjan ta ƙirga, ta buga a kwamfuta, a zuba kuɗin cikin akwatin kuɗin biyan kwastan. Kwamfutar sabuwa ce, daga Legas Alhaji ya kawo ta.

Ran nan ya dawo daga tafiya, ya sa aka kira ni. Ya juyo min da fuskar na'urar, kamar zan iya karantawa.

"Shago ya ce an ba ka sefa dubu ɗari takwas da hamsin. Nan ta nuna ɗari takwas da hamsin ka kawo. Ina saura?"

Na ce, "Alhaji, a tambayi yarinyar."

"Ita ta buga da hannunta. Na'ura ba ta ƙarya."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, tana tsoron kada a juyo kanta. Yaran Alhaji suka shigar da ni sito. Haƙorana biyu can na bar su. Kafin Juma'a labari ya gama Adjamé, har direbobin tasha suka kai shi garinmu. Mahaifiyata ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne. Kafin amsata ta isa, ta rasu.

Na koma dako a tasha, inda a da ake gaishe ni.

Bayan watanni aka kira mai gyara saboda na'urar ta ƙi tashi. Shi ya gano. Yarinyar tana rubuta kuɗi yadda aka koya mata a makarantar Faransanci, ɗigo ne ke raba dubbai. Na'urar kuwa an saita ta da lissafin Ingilishi, inda duk abin da ya biyo ɗigo ɓarɓashi ne, bai kai sefa guda ba. Ya mayar da na'urar kan lissafin Faransanci, aka sake shigar da lambobin, kuɗina suka fito cif. Dama suna cikin akwatin, ba wanda ya taɓa ƙirgawa.

Alhaji ya aiko, na je.

"Ka yi haƙuri, Malam. Laifin na'ura ne."

Na ce, "Na'ura ba ta dake ni ba, Alhaji."

Ya miƙo ambulan cike da kuɗi, na bar masa a kan tebur. Mahaifiyata da nake so ta ji an wanke ni tana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da na koya ke nan: na'ura da yaren da aka saita ta take ji. Kafin ka kira mutum ɓarawo a kan maganarta, buɗe akwati ka ƙirga da hannunka.